Kalanda Mai Wata Goma Sha Uku

Ina da shekara tara ranar da na buɗe akwatin kakana a gidanmu na unguwar Tandabawi a ƙasa mai tsarki, bayan la'asar. A ƙarƙashin haraminsa na ga wata tsohuwar kalanda mai baƙon rubutu, tana warin kafur. Na ƙirga shafukanta, na kai falo inda Baba yake shan shayi da maƙwabcinmu.

"Baba, wannan wata goma sha uku gare ta."

Maƙwabcin ya ajiye finjalinsa ya ce, "Ai rubutun Yahudawa ne." Baba ya fizge ta, ya ce in kawo ashana.

Kaka ya fito yana dafa bango. "Ajiye min, Habu. Telan Bayahuden da na yi wa aiki a Omdurman, a hanyata ta zuwa hajji, shi ya ba ni. Sukan ƙara wata don idinsu ya faɗo a bazara. Kafin idin suna fitar da duk burodin gida. Nasa ya ba ni, da shi na yi guzuri har Jidda."

Ban kawo ashanar ba.

Kalandar tana wurina yanzu, kuma har yau ban nuna wa 'ya'yana ba.