Matakin Jif Ɗin Mai Hatsi

Kai da kake bugun ƙirji cewa duk abin da iyalinka ta faɗa ka ji shi, gyara zama ka ji misalin wani ɗan kasuwar hatsi. Mutumin nan ya sayi jif irin ta shiga daji, doguwa, wadda akuya kan wuce ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba, saboda hanyoyin kasuwannin ƙauye sun riga sun cinye masa ƙananan motoci biyu. Matarsa kuwa Allah ya yi ta gajera. Duk Juma'a in za su je ƙauye gaida mahaifiyarta, sai ta tsaya bakin motar ta riƙe haɓa: "Alhaji, wai mota ka saya ko soro? In aika a aro mini tsani ne?" Sai ya zagayo, ya ba ta hannun dama, ya tallafi bayanta da na hagu, ya ɗora ta. Tana hawa tana cewa, "Sake ni, mutane na kallo," amma yatsunta ba sa sakin nasa sai ta gama gyara mayafi da ɗaya hannun, mayafin nan kuwa ba ya gyaruwa da wuri. A garinsu namiji ba ya riƙe hannun matarsa a waje. Shekara goma sha bakwai da aurensu ba a taɓa ganin haka ba, sai da tsayin mota ya ba su uzuri. Daga nan har ƙauyen tana zuba masa hira, tana ɓare masa gyaɗa. Shi kuwa mitar ce kaɗai ta shiga kunnensa, ta kuma dame shi, don yana son matar nan fiye da yadda bakinsa ya iya faɗa.

Ran nan sai ya auno tsayin dokin ƙofar ɗakinta da igiya, tunda shi take tsallakewa ba ta mita, ya kai wa wani tsohon mai walda. Tsohon ya kwanta ƙarƙashin motar, ya huda ƙarfen gindinta, ya ɗaure dogayen matakai biyu da noti, dama da hagu, ya manna musu baƙar roba mai kaushi don kada takalmi ya zame. Can ya leƙo da kai ya ce, "Alhaji, ita ta ce a saka?" Mai hatsi ya ce, "Ba ta ce ba, amma kullum sai ta yi ƙorafi." Tsohon ya dube shi, ya ce, "To," ya koma ƙarƙashi.

Da Juma'a ta zo, gogan naka ya tsaya gefe, hannuwa a baya, yana jiran yabo. Ta dubi matakin, ta dube shi, ta taka, ta zauna. "An gode. Allah ya ƙara buɗi." Ba hira, ba gyaɗa. Juma'ar gaba ta ce kanta na ciwo. Sai ya ce a ransa lallai matakin ne ya yi tsayi. Ya koma aka sauke shi taƙi ɗaya. Ba abin da ya sauya. Ya sake komawa aka ƙara saukewa, aka kuma kafa mata mariƙi a jikin ƙofa, don kada ta buƙaci hannun kowa ko da ana ruwa. Mai walda ya gargaɗe shi cewa in ya ƙara, motar daji za ta koma 'yar kwalta. Bai ji ba. Matar ta riƙa shiga tana fita kamar fasinjar da aka ɗauka a tasha, har a gida tuwo ya koma ajiyewa ba zama. Bawan Allah ya rame, yana zagaya mota yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana neman inda aikin ya ɓaci.

Damina ta yi nisa, ruwa ya zaizaye hanyar ƙauyen. Suna gangara wani kwazazzabo sai matakin ɓangarenta, da ya kusa shafar ƙasa, ya maƙale a kututture. Ƙwaram! Notuna suka tsinke, ƙarfen ya lanƙwashe kamar lauje. Ya sauka ya tsince shi, ya jefa a baya, ya ci gaba da tuƙi kamar ya yi kuka. Da suka isa, dangin matar na zaune a inuwar ƙofar gida. Ya zagayo ya buɗe mata, yana haɗa kalmomin ban-haƙuri. Ta leƙa ƙasa ta ce, "To, ka ga aikinka? Yanzu tsalle zan yi a gaban surukanka, ko goya ni za ka yi?" Kunya ta hana shi duban wurin da matakin ya cire, sai ya ɗaga kai ya dube ta. Bakin na faɗa, idanun na dariya, hannun kuwa tuni ya fito daga mayafi yana jira.

Bayan kwana biyu mai walda ya tare shi a kasuwa ya ce ya kawo ƙarfen a miƙe. Mai hatsi ya ce, "Baba, bar shi kawai. Ɓangaren nan ba ya karɓar gyara." Har yau jif ɗin na yawo da mataki ɗaya, na ɓangaren direba. 'Yan kasuwa suna kiranta mai kunne ɗaya, suna yi masa dariya, shi ma yana taya su.

Ba banza ba Hausawa suka ce: labarin zuciya, a tambayi fuska.