Wasiƙar da Na Karanta wa Inna

Ina aji shida a Salaga aka kawo wasiƙa daga Kumasi, inda yayana Sule yake aiki. Inna tana feraye doya, ta goge hannu ta miƙo mini, don ni kaɗai nake boko a gidanmu.

Da Turanci wani ya rubuto ta game da Sule. Na tsaya a kan kalmar "deceased". Malaminmu ya taɓa rubuta ta kusa da "diseased", ya ce ɗaya mara lafiya, ɗaya mamaci. Na kasa tuna wacce ce wacce.

Inna ta ce, "Ke nake jira."

Na ce, "Ba shi da lafiya ne, Inna."

"To, tunda da rai, alhamdulillahi."

Ta tashi haɗa masa yaji da ƙuli-ƙuli, za ta bi motar safe. Ashe mamaci kalmar take nufi. Har yau ina tuna cewa ni na riƙe mata bakin ledar tana zubawa.