Dambun Namadi

Tun da aka kafa dokar musaya, ƙasa ba ta karɓar wanda take tuhuma daga hannun ƙawarta sai ta aiko da mutum nata ya zauna a gidansa. Abin da baƙon ya ci, shi za a ba wanda aka tsare.

Ranar da aka miƙa Namadi, ƙuri'a ta faɗa kan Zinatu, malamar makaranta daga tsallaken iyaka. Yau kwananta arba'in a ɗakinsa.

Da hantsi mahaifiyarsa, Gwaggo Kuluwa, ta kawo mata dambun zogale. Wata jami'ar gwamnati ta auna kwanon, ta zauna jira.

"Gwaggo, zogale kuma?" in ji Zinatu tana dariya. "Na kusa tsiro da ganye."

"Shi Namadi yake so, 'yar nan. In kin rage, rage masa za su yi."

Zinatu ta cinye tas, ta miƙo kwanon. Gwaggo ta san zogale murɗa mata ciki yake yi. Duk da haka ta ƙara mata.

"Allah ya yi miki albarka, ya mayar da ke wurin 'yarki lafiya."

"Amin, Gwaggo. Zubo man gyaɗa sosai, su ma su zuba masa."