Ranar da Warsame Ya Ɗauke Sagal

Bargo ɗaya, ledar sambusa, gorar shayi, da yarinya 'yar shekara shida. Abin da Warsame ya ɗauko ke nan a babbar motarsa da ya bar birnin Minneapolis na Amurka ya nufi jihar Ohio, inda ƙanwarsa take.

Yarinyar 'yarsa ce, Sagal. Daga makarantar Alƙur'ani ta ranar Asabar ya ɗauke ta, bai gaya wa kowa ba.

"Baba, Mama ta sani?"

"Ci sambusa."

"Na ƙoshi. Ta sani?"

Ya ci gaba da tuƙi. Idonsa na kan madubi.

Bara ya saki uwarta, Hodan. Makon jiya ta yi sabon aure. A shagon shayin direbobi labarin ya same shi.

"Ango ya gaji mata, ya gaji 'ya," in ji Guled, abokin aikinsa, yana ɓare ayaba a kan shinkafa. "Kai kuma ka gaji taya goma sha takwas."

Aka kwashe da dariya.

"Shari'a ce fa," Guled ya ƙara. "Mace ta yi aure, riƙo ya faɗi. Je ka ɗauki abinka."

Warsame bai tambayi malami ba. Bai tuna da takardar kotu da ta ba Hodan riƙo, shi kuma ziyara ba.

A wani gidan mai a Wisconsin wayoyin mutane suka ɗauki ƙara a lokaci guda. Sanarwar ɓatan yarinya ce, da lambar motarsa. Kafin ya mayar da bututun mai, 'yan sanda sun kewaye shi. Suka kwantar da shi a ƙasa, suka sa masa ankwa. Sagal tana kallo ta gilashi, tana ihu, ta toshe kunnuwanta da hannuwanta.

Ya yi watanni a tsare. Aikinsa na tuƙi ya tafi. Alƙali ya soke ziyarar.

Limamin da ya je duba shi bai sassauta masa ba.

"Rabin hukunci aka karanta maka. Idan uwa ta yi aure, riƙo yana komawa ga mahaifiyarta kafin ya iso kanka. Kuma ko naka ne, alƙali ke bayarwa, ba a ƙwata."

Da aka sake shi, kotu ta bar maganar ganin Sagal a hannun kakarta ta wajen uwa, Hajiya Timiro, wadda yarinyar take wurinta yanzu. Ya je. Tsohuwar ta buɗe ƙofa kaɗan.

"Hajiya, gaisuwa kawai."

"Ɗan nan, tun kafin a ɗaura auren muka shirya Sagal za ta dawo wurina. Da ka tambaya, da kullum kana cin abinci da ita a nan."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba. Yanzu ko ƙarar motar shara ta ji, sai ta shige ƙarƙashin gado."

Ya leƙa bayanta. Takalman Sagal kawai ya gani.

"Ba za ka gan ta ba sai ranar da ta neme ka da bakinta," in ji Hajiya Timiro. Ta rufe ƙofa.

Mai karatu, riƙon yaro bayan saki amana ce da aka tsara don amfanin yaron, ba don huce haushin iyaye ba. Kada ka ɗauki fatawa a teburin shayi. Tambayi masani, ka bi ta hannun alƙali.