Shiri Na Ɗari Biyu Da Sha Huɗu

Aƙilu bai tsaya wanke hannu ba. Ya bar wa abokin rumfarsa wuƙa da sauran naman, ya tari ɗan kabu-kabu, ƙarnin kitse na bin sa har Sama Road. Kowace mota da ta tsaya a gabansu ji yake kamar a ƙirjinsa ta tsaya.

A rediyon mai shayi ya ji sanarwar. Gidan talbijin na share ɗakin ajiya. Shekara talatin ana nuna Kiɗan Laraba kai tsaye, kuma kowane shiri da kaset ɗinsa. Waɗanda jama'a ke yawan nema an juye su cikin kwamfuta. Sauran kuwa, waɗanda ba mai tambaya, yau kafin la'asar mota za ta kwashe su a kai bola.

Motar ma ta riga shi isowa. An loda mata kusan rabi.

A bakin ɗakin ya tarar da Malam Mode, dattijon da ke riƙe da makullin wurin, yana nuna kwalayen da za a ɗauka. Aƙilu ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa guntuwar takardar siminti irin ta naɗe nama. Lambobi huɗu ne a jiki, daga ɗari biyu da sha ɗaya zuwa sha huɗu.

"Babana yab ba ni su yana kwance," in ji shi. "Yau kwananai arba'in da rasuwa."

Dattijon ya ƙura wa lambobin ido. "Hayatu mai kukuma ke nan. Wallahi ban ji ba. Allah shi jiƙan shi, ɗana."

Aƙilu ya buɗe baki, direba ya danna oda. Sai ya rufe, ya fara janyo kwalaye.

Ƙura ta cika masa hanci. Rubutun jikin kaset-kaset ɗin duk ya koɗe, shi kuwa a aji biyu na sakandare ya ajiye biro, sai ya bi lamba da yatsa kafin ta zauna masa. Ya tuna kakarsa da ta raine shi a unguwar Minanata tana cewa ya bar abin da ya wuce ya kwanta. Ya yi ƙoƙari. Kwana arba'in yana yankan nama yana yanke yatsa.

Ya sami sha ɗaya da sha biyu a kwali guda. Sha uku babu. Sha huɗu sai da ya hau motar ya tono ta daga ƙasan lodi, direba na ta mita.

Malam Mode ya kai shi wani lungu inda tsohuwar na'ura ɗaya ta rage. Yana jona wayoyi yana magana.

"Kada ka ji haushi, amma makonnin nan huɗu su ne mafi baƙin jini cikin shirin ga duka. Ba laifin Hayatu ba ne. Wani mai kyamara munka yi, Bawa. Ana kiɗi, sai shi bar makaɗi shi koma ɗaukar 'yan kallo. Ga shi kai tsaye, ba damar gyara. Mutane sunka yi ta aiko takardu, wai kukuma sunka so su gani ko kujeru? Mako na huɗu anka sallame shi."

Aƙilu ya miƙa masa kaset ɗin farko.

Na'urar ta haɗiye sha ɗaya, ta yi ƙara, ta tofo zaren a cukurkuɗe. Sha biyu ruwa ya taɓa shiga cikinta, ba abin da ta nuna sai farin yayyafi. A waje an tada mota.

Dattijon ya hura sha huɗu, ta ƙarshen, ya goge ta da gefen riga. "In ta yi, sau ɗaya za ta yi. Ka shirya wayarka."

Hoto ya yi tsalle, ya tsaya. Ga Hayatu a kan tabarma, ya karkatar da kai yana goga kukuma, muryarsa siririya kamar daga cikin rijiya. Aƙilu ya ɗaga waya da hannu biyu. Bai kunna ba.

"Ɗauka mana," in ji Malam Mode.

Sai kyamarar ta fara zamewa. A hankali ta bar makaɗin, ta bi ta kan 'yan amshi, ta sauka cikin 'yan kallo, ta wuce layin farko. A layi na biyu ta tsaya cak, kan wata budurwa mai koren mayafi. Yarinyar na tafa hannu a hankali. Ta ɗago, ta gane ita ake kallo, ta ja mayafin ta rufe baki, amma dariyar ta tsere ta idanunta. Kyamarar ba ta motsa ba. Kamar mai riƙe da ita ya daina numfashi.

Nan Aƙilu ya kunna.

"Ka gani ko? Aikin Bawa ke nan," in ji dattijon, ya kai hannu kan maɓalli. "Bari in wuce shirmen ga in kai ka wurin babanka."

Aƙilu ya riƙe masa hannu, riƙon da ya sa dattijon ya juyo ya dube shi da kyau.

"Bar ta, Baba. Bawa shi ne babana."

Idonsa bai bar allon ba. Shekararsa ashirin da huɗu, yau ya fara ganin fuskar mahaifiyarsa Zuwaira, wadda ba ta bar hoto ko ɗaya a duniya ba, ta rasu ranar da ta haife shi.