Mai Lambu da Karen da Ya Daina Amsa Fito

Tunda ka zo kana kumfar baki wai mai horon kare ya cuce ka, zauna in ba ka misalin wani mai lambu. Har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Mutumin nan yana da lambun tumatir da masara a bakin fadama, birai kuwa sun mai da lambun kamar na gadonsu. Sai ya samo kwikwiyo, ya kai wa wani tsohon maharbi da ya yi suna wajen horon karnuka. Kare ya yi wata uku a hannun tsoho. Ya koyi korar biri ba tare da ya tattake fangalin shuka ba, ya koyi kwanciya inda aka nuna masa, uwa-uba ya koyi amsa fito. Ko yana tsakiyar gudu, da ya ji fito sai ya juyo ya zo ya tsaya gaban mai kiransa. Ranar da mai lambu ya zo ɗauka, tsoho ya riƙe igiyar bai saki ba, ya ce, “Ɗana, nawa aikin ya ƙare, saura naka. Kullum da safe ka kira shi, in ya zo ka shafa kansa, ka ba shi ko gutsuren ƙuli-ƙuli ne. Kuma kome ya yi maka, kada ka kira shi don ka doke shi.” Mai lambu ya ce, “To, Baba,” amma hankalinsa yana kan igiyar, ba kan maganar ba.

Satin farko duk wanda ya ratsa fadama sai an tsayar da shi ya ga kare. A yi fito, kare ya sheƙo, mai lambu ya washe baki kamar shi ya yi horon. Da masu kallo suka ƙare, kiran safe ya ƙare, ƙuli-ƙuli ma ya koma bakin mai shi. Wata rana kare ya bi biri ya ture kwandon tumatir. Gogan naka ƙyuyar bin sa ta hana shi tashi, sai ya tuna akwai hanya mai sauƙi. Ya yi fito. Dabbar Allah ta zo da gudu tana kaɗa wutsiya, shi kuwa ya cafke wuyanta ya zabga mata tiyon ban ruwa. Wallahi wannan ba horo ba ne, cin amana ne. Daga nan abin ya zame masa jiki. In zai ɗaure kare a rana, fito. In injin ban ruwa ya ƙi tashi yana neman inda zai huce haushi, fito. Kare ya fara zuwa yana jan ciki, daga baya ya riƙa tsayawa nesa yana kallo, a ƙarshe da ya ji fito sai ya soke wutsiya ya fice ta wata kafa da ke jikin darni. Karen da ke fargabar ubangidansa ina ya ga natsuwar gadi? Birai suka dawo. Mai lambu ya shiga zagin tsoho a kasuwa, wai horon banza ya yi masa. Maimakon ya gyara halinsa, sai ya sayo tarkon ƙarfe ya ɗana wa birai a bakin kafar nan, ya rufe da ganye.

Da hantsi yana ban ruwa, sai ya hango kare yana shinshine-shinshine kusa da darni, taku kaɗan tsakaninsa da tarko. Duk muguntarsa ya san in babu karen nan masararsa ba za ta kai girbi ba. Yana buƙatar karen ya juyo, yau da gaske, kuma kira ɗaya ya sani. Ya yi fito. Kare ya ɗaga kai, ya ga mutum tsaye da tiyo a hannu, ya yi abin da aka koya masa a gida, ya ruga ta kafar da ya saba tsira. Ƙarfe ya kama, ƙafar gaba ta karye.

Ko a nan mutumin bai ga laifinsa ba. Ya saɓi kare a kafaɗa, jini yana bin rigarsa, ya tafi gidan maharbi yana huci, ya dire shi a tsakar gida ya ce, “Baba, ga horonka nan! Na kira shi ya ƙi zuwa.” Tsoho ya miƙe. Ya koma can gindin bango ya tsuguna, ya yi fito sau ɗaya a hankali. Kare ya ɗaga kunne. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa, ya ja jiki da ƙafa uku har ya kai, ya ɗora haɓarsa a kan gwiwar tsoho. Tsoho ya shafa kansa, idonsa ya yi ja, ya ce, “Bai manta da komai ba. Ni na koya masa zuwa, kai ka koya masa gudu. Tashi ka bar mini gida, karen nan ba zai sake bin ka ba.”

Mai lambu ya koma shi kaɗai, ya tarar birai sun riga shi shiga masara. Ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, duk faɗin fadamar nan bai ga kowa ba sai kansa. Shi ya sa Hausawa suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.