Jatan Lande Masu Haske

"Kai ne, Fahad. Ban da ni, kai kaɗai ke da mabuɗin ɗakin nan."

Abokin aikinta ya rantse har da Alƙur'ani, amma Zaituna ba ta saurare shi ba. Shekara huɗu ta yi a ɗakin binciken nan na Dubai tana cusa wa ƙwan jatan lande wata ƙwayar gado mai tsalle, wadda ke shiga ta sauya halitta, har jikokinsu suka fara haske kore. Yau da safe mujalla ta mayar mata da takardarta, wai wasu sun riga ta miƙa aiki iri ɗaya.

Ta kai ƙara, kafin la'asar shugaban sashe ya karɓe katin aikin Fahad. Khalas, shi ke nan, aiki ya tafi, biza ta bi shi.

Tana sauka a tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga ta kira Farfesa Badaru, tsohon malaminta na Kano, ta fashe da kuka.

"Yi haƙuri, 'yata," in ji shi. "Kin yi daidai. Maci amana ba a raga masa."

Bayan wata biyu takardar waɗanda suka riga ta ɗin ta fito. Hotunanta ne, lissafinta ne, daidai yadda ta tura wa mutum ɗaya tak don ya sa albarka. A jerin marubuta, sunan farko Badaru, na biyu ɗansa Abdulganiyyu.

A can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, ta ga nata: "Muna godiya ga Zaituna, wadda ta taya mu wanke tankuna."